Neman kalma: "trust game", wasan amana ko gwajin yarda?

Malamar Kongo: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan yi wa malaman sakandare bayani da Hausa a Tudun Wada, kan yadda matasa ke yarda da tsaransu, da yadda suke yi idan aka ce musu kwamfuta ce abokiyar hulɗarsu. "Trust game" ta tsaya mini a wuya. A ba yaro kuɗi, ya tura wa wanda bai gani ba abin da ya ga dama, masu bincike su ninka sau uku, wancan ya mayar da abin da ransa ya so ko ya haɗiye duka. Berg da Dickhaut da McCabe suka fito da shi a Amurka a 1995, da dala 10. Na rubuta "wasan amana" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Samaru: Malama, raba wasa da amana. Kunne zai ji "wasa da amana", dattawan wurin su ɗaure fuska. Gwajin amana.

Baffan Sabon Gari: Gwaji dai na yarda, amana ce ban yarda ba. Amana tana wuyan wanda aka ba, yarda kuwa aikin mai bayarwa ce. Dubi adashi: mai zubi ya yarda, uwar adashi ke riƙe amana. To ke ɗiyata, yaron da ya tura kuɗin kike aunawa ko wanda ya karɓa?

Malamar Kongo: Wanda ya tura, Baffa. Sau da yawa ma babu wani tsara a ɗaya ɓangaren, an riga an tsara amsoshin a kwamfuta, yaron ne aka ce wa mutum ne.

Baffan Sabon Gari: To kin ga. Kwamfuta ba ta cin amana. In ta hana shi kuɗi, asara ya yi. In tsaransa ya hana shi, ya yi asara kuma an raina masa wayo, gobe a filin ƙwallo ba zai kalle shi ba.

Ɗan Samaru: Akwai binciken Bohnet da Zeckhauser na 2004 a kan haka, duk da manya aka gwada ba yara ba. Mutane sun fi yarda su yi kasadar da sa'a za ta yanke, a kan wadda mutum zai yanke, don gudun cin amana.

Mai Alƙalami: Ni duk ba wannan ba. Wai "kwamfuta"? Ina na'ura mai ƙwaƙwalwa? A Zariyar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 muke aron kalma kamar marayu! Sunan gwajin kuma na ƙirƙiro: yardau. Gajere, mai daɗin faɗi.

Hajiyar Gyallesu: Malam, mantau mai yawan mantuwa ne, makarau mai yawan makara. Yardau ke nan wanda kowa ya zo ya yaudara. Sunan yaron ka raɗa, ba na gwajin ba.

Mai Alƙalami: Harshe ai haka yake girma, Hajiya.

Bakano a Kwangila: Hajiya ta gama magana. Kuma ku Zazzagawa masu cewa "mace ne", a fara gyara wannan kafin a shiga ƙirƙira.

Ɗan Samaru: An fara! Karatu ya kawo ka Samaru, ka zo kana koya mana Hausa?

Bakano a Kwangila: Daidaitacciyar Hausa dai a kan Kananci aka gina ta.

Hajiyar Gyallesu: A Zariya kuma aka buga littattafan da ka koye ta. Zauna.

Malamar Kongo: Don Allah a ji tausayina, NEPA ta ɗauke wuta, cajina saura kaɗan. Zan sa "gwajin yarda" ga mai turawa, "riƙon amana" ga mai mayarwa. Kwamfuta kuma tana nan, ba zan iya maimaita na'ura mai ƙwaƙwalwa a kowane layi ba.

Baffan Sabon Gari: Ya yi. Amma ki gaya musu tsara ba aboki ba ne, kada su ɗauka da aminansu aka haɗa yaran.

Mai Alƙalami: Ku yi abin da kuka ga dama. Ni a ajina yardau zan ce.