Wai a duk Legas babu abincin rana na kirki?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau sai na amayar da abin da ke cikina. Kwana huɗu na yi a Legas na je sarin leshi a Balogun, wallahi tallahi ban ci abincin rana na kirki ko sau ɗaya ba. Ranar farko yaron da ke min dako ya kai ni wata buka a bayan Idumota, aka zubo min wani baƙin tuwo da miya kala uku a kwano ɗaya, kore da rawaya da ja, manja na yawo a sama, loma biyu na yi hawaye da majina suka ɓalle min saboda yaji, na biya dubu uku da ɗari biyar na tashi da yunwata. Sauran kwanakin burodi da lemo na dinga ci kamar ɗan makarantar kwana. Gari guda a bakin teku, babu ƙabilar da babu, amma Bakano ya rasa inda zai sa hannu da rana. Duk wanda ya san wuri ya faɗa min dan Allah don bayan sallah zan koma.

Malam na Ayagi: Wa alaikumus salam. Alhaji sannu da hanya, amma kalmar nan "kirki" ka janye ta. Abincin da miliyoyin mutane ke ci kullum, da yawansu musulmi irinka, shi ne ba na kirki ba? Baƙin tuwon nan amala ne, garin busasshiyar doya ne ba wani abu ba. Koriyar miyar ewedu ce, rawayar kuma miyar wake ce suna ce mata gbegiri. Kakata a nan cikin birni ta tsufa ta rasu tana yin sa, maƙwabta na aiko da kwano. Ka ce bai karɓe ka ba, wannan daidai ne.

Ɗan Kwari: Malam ni fa ba zagi na yi ba, wuri nake tambaya

Baban Amira: A'a Alhaji kar ka janye komai. Kirki a bakin Bakano ai abin da ya zauna a ciki ne. Abincin da za ka ci kana kuka ina kirkinsa?

Malam na Ayagi: To ɗanwaken da kuke barbaɗa wa yaji har ya koma ja, kuna ci kuna shan iska, shi ma ba na kirki ba ne kenan? Kuma ewedun nan da ake yamutsa fuska, lalo ne fa. Lalon da muke miya da shi.

Hajiya Mai Atamfa: Haba Malam ji tsoron Allah, lalo daban wannan abu daban. Ni na je Legas ya fi a ƙirga, na gani da idona da tsintsiya suke kaɗa shi

Malam na Ayagi: Hajiya wata 'yar tsintsiya ce ta musamman da ba a shara da ita, kamar yadda kike da maburgi a kicin. Ganye ɗaya ne wallahi. Har daddawa suna sawa, iru suke ce mata, daga kalwar ɗorawa ake yi irin tamu, sai dai su ba sa daka ta su mulmula, ƙwayarta ake gani a miya.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai lalon da na sani ba ya wannan yauƙin. Kuma daddawar da ba a daka ba ai ba ta gama zama daddawa ba

Oga Direba: Ku dakata ku ji daga wanda hanyar nan ta zama gidansa. Shekara sha tara ina sauke tumatir da albasa a Mile 12, kuma ban taɓa kwana da yunwa a Ikko ba. Alhaji laifinka ɗaya ka bi ɗan dako maimakon ka bi ɗan uwanka. A Mile 12 kaɗai akwai mata masu tuwon shinkafa da miyar taushe da masa, kana zaune a benci Hausa kake ji ta ko'ina kamar kana Yankaba. Ka shiga Agege, Hausawa sun fi shekara ɗari a wurin tun zamanin fataucin goro, har sarkinsu gare su. Ga kuma Idi-Araba. Akwai wata dattijuwa da nake ci a wurinta, tukunyar kuka tana kan gawayi tun hantsi, in ta gan ka da ƙurar hanya sai ta ƙara maka man shanu cokali guda ba ta ce komai ba. Wannan ba kirki ba ne?

Ɗan Kwari: Oga ina Balogun ina Agege? Mutum yana tsakiyar ciniki a cikin tsibiri ya hau danfo ya tsallaka gada a wannan gosulo don kwanon tuwo, ai kafin ya dawo an rufe kasuwa. Abincin rana nake magana ba na dare ba

Oga Direba: To ka yi azahar a babban masallacin Legas, yana nan kusa da kai ƙafa ma za ta kai ka. Ana sallamewa ka kama ɗan Arewa ɗaya, mai shushaina ko ɗan canji, ka ce ina kuke ci. Shi kenan.

Baban Amira: Oga ka ce Ikko, ai yanzu ba mai cewa Ikko sai tsofaffi

Oga Direba: Masu garin Eko suke cewa, mu muka mai da shi Ikko. Legas ɗin ne baƙo, daga bakin Turawan Fotugal ya fito. Yaro bai san wuta ba sai ya taka

Baban Amira: Wa kake kira yaro? Na girmi ƙaninka da shekara biyu ka tambaye shi

Auta: Yayyena ku yi haƙuri. Ni da na je bautar ƙasa Obalende nake zuwa, tsire da balangu kamar a Fagge

Baban Amira: Auta tsire ba abincin rana ba ne. Wa ya taɓa ganin tukuba ta yi ja kafin la'asar? Ko a Kano da rana gurasa bandashe ake nema ko garau-garau

Auta: To akwai ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya yi lugub da wani soyayyen yaji baƙi, ka haɗa da burodin Agege, wlh har dare ba ka neman komai

Ustaz: Bismillah. Ni a fahimtata da Alhaji ya ce kirki, halal yake nufi, kuma nan ne ya kamata a tsaya. Kowa na maganar yaji da yauƙi ba wanda ya tambayi waye ya yanka naman. A gari mai cakuɗa irin wannan wajibi ne mutum ya kula. Mafita mai sauƙi kifi, Allah Ya halatta mana abin da aka kamo a teku a Suratul Ma'ida aya ta 96, ba ya buƙatar yanka. Ka ce a zuba maka shinkafa da kifi ka huta.

Ɗan Kwari: Ustaz ni ban ce haram ba fa, kar a ɗora min

Malam na Ayagi: Ustaz da girmanka. Babbar mayankar Legas tana Oko-Oba a Agege, je ka ga su waye ke kawo shanun su waye ke riƙe da wuƙa. Kuma a surar da ka kawo aya ta 5 me ta ce kan abincin ma'abota littafi? Matar da ke tuƙa amala ma sau da yawa Alhaja ce da ɗankwalinta. Abin da ke min ciwo kenan, a Kano aka haife ni aka haifi babana amma da an zo maganar abincinmu sai a fara shakka

Ustaz: Malam ban yi shakkar kowa ba, tsantseni na ce. Ka bar abin da ke sa ka kokwanto

Hajiya Mai Atamfa: Kifin ma ai duk na ƙanƙara ne, sukumbiyar da ake kawowa daga waje a kwali, ita muke saya a nan Kano. Teku a gabansu suna cin kifin firiza

Oga Direba: Hajiya ki je Epe ki ga ɗanyen kifi yana motsi a kwando, mata ne ma ke riƙe da kasuwar. Kar ki faɗi abin da ba ki gani ba

Hajiya Mai Atamfa: Ni ba da kai nake ba. Alhaji tunda ka fito, ina leshina guda biyu da na tura kuɗi tun kafin ka tafi? Ka sami bakin ba da labarin tuwo amma wayata ba ka ɗauka

Ɗan Kwari: Hajiya kaya na hanya wallahi, motar ce ta lalace a Mokwa. Wannan ba maganar guruf ba ce

Hajiya Mai Atamfa: Ai kai ka kawo cikinka guruf, ni ma na kawo kuɗina

Baban Amira: Malam na Ayagi har yanzu ba ka amsa min ba, in amala na kirki ne me ya sa ko a Sabon Gari ba ka ganin Bakano a layin sa?

Malam na Ayagi: Ka je ranar Asabar da rana ka ƙirga masu hula. Wasu ma a guruf ɗin nan suke, ba zan kama suna ba

Shugaba: To ya isa haka, an kira la'asar. Abin da na fahimta daga bayanan kowa shi ne an haɗu a kan cewa Alhaji ya yi gaskiya, abincin kudu bai dace da cikin Bakano ba, kuma ko Oga Direba da ya fi kowa sanin garin wurin 'yan uwanmu ya tura shi, wanda ya nuna tuwonmu ne abin dogaro ko a bakin teku. Maganar Ustaz ita ce mafi ƙarfi, a kula da yanka. Malam na Ayagi ya yi ƙoƙari amma hujjar lalo ba ta tsaya ba tunda Hajiya mai girki ce kuma ta ce ba shi ba ne. Ni kaina in zan tafi dambun nama da ƙuli nake ƙullawa a jaka. Maganar leshi a yi ta a gefe.

Malam na Ayagi: Shugaba yaushe aka haɗu? Ni ban yarda ba, Auta ma wake da burodi ya yaba. Gobe zan kawo ewedu shago da ɗanyen ganyen a leda, Hajiya ta zo ta duba da kanta

Hajiya Mai Atamfa: Ka kawo, amma ba zan ci ba

Ɗan Kwari: Oga Direba in na tashi tafiya zan kira ka, ka haɗa ni da wani a wajen masallacin