Na ga sigarin lantarki a jakar yarona, an rubuta 5% a jiki

Uwar Yara, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Yarona mai shekara 16 ya zo hutu daga makarantar kwana, sai ga wani abu mai ƙamshin mangwaro a jakarsa, an rubuta 5% da 10ml. Wai tururi ne kawai, ba taba ba. Me ke ciki, kuma yaya zan yi da shi?

Mai Kemis, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan 5% ɗin nikotin ne, sinadarin da ke sa taba ta kama mutum, kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ki. Miligiram 50 ke nan a kowane mililita, wato 500 a cikin abin gaba ɗaya. A Ingila da Tarayyar Turai doka ta tsaya a miligiram 20 a kowane mililita. Karan sigari ɗaya kuwa, abin da ke shiga jini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ba dukan 500 ɗin jiki ke ɗauka ba, amma ai kin ga tazarar.

Inda yara ke faɗawa shi ne an haɗa nikotin ɗin da wani asid don kada ya yi kaushi a maƙogwaro, ba tari ba warin taba. Sigari yana cinyewa a yar da guntu, wannan kuwa yana aljihu, ana zuƙa har a kan gado. Sauran ruwan gilisarin ne da propylene glycol da kayan ƙamshi.

Hukumar FDA ta Ghana mai kula da abinci da magunguna ta sanar a 2023 cewa sayar da shi, tallarsa da shansa don nishaɗi duk sun saɓa Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012. Saboda haka wanda ake sayarwa a Instagram da Snapchat, ko rubutun jikinsa ba abin dogaro ba ne.

Mai Gyaran Waya, Adum:
Hajiya, kada ki jefa shi a wuta ko a bola, batirin litiyam ne a ciki, yana fashewa. Ban da batiri akwai auduga jiƙe da ruwan, da 'yar waya naɗaɗɗiya mai ɗaukar zafi. In ruwan ya yi ƙasa audugar ce ke ƙonewa, a ji ƙauri, hayaƙin na fita da guba irin formaldehyde. Wasu yaran ɓalle shi suke yi su ƙara ruwa, ko su fere wayar caja su jona wa batirin kai tsaye. Ki ajiye abin can sama, ruwan guba ne in ƙaramin yaro ya sha.

Kawu, Sabon Zango:
A ƙwace, a ba shi bulala, magana ta ƙare.

Ma'aikaciyar Jinya, Tafo:
Kawu, a yi haƙuri, ƙwacewa daidai ne, amma bulala ba ta fitar da nikotin daga jini. Abokinsa zai ara masa wani gobe.

Yaya, ki zaunar da shi ku biyu, ki tambaye shi yaushe yake zuƙar farko in ya tashi barci. In bai kai minti 30 ba, abin ya kama shi sosai. Ku sa ranar dainawa cikin hutun nan tunda yana gabanki. Kwana na 2 da na 3 su ne masu wuya: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan ci. Ba rashin kunya ba ce, yana lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Ƙwaɗayin kan taso na 'yan mintuna ne, ruwan sanyi ko cingam ko fita ƙwallo na kore shi. Cingam mai nikotin kuwa, tunda bai kai 18 ba, sai likita ya rubuta.

Ki kuma tambaya ko an taɓa sa wa abin ruwan wiwi. Ciwon huhun da ya ɓarke a Amurka a 2019, ya kwantar da fiye da mutum 2,800 ya kashe 68, akasari daga irin wannan ruwan ne da aka gauraya da man bitamin E. In kin ga haki, ciwon ƙirji ko zazzaɓi da tari, ku wuce asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ki tafi da abin a hannu likita ya gani.