Wace kalma za mu ba "self-concept" a Hausa?

Malamar sakandare, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum, malamai da manazarta. Ina shirya takardar tambayoyi da zan raba wa ɗaliban aji biyar na sakandare a nan Jos, domin in gano alaƙar da ke tsakanin himmarsu, da sakamakon jarrabawarsu, da abin da Turawa ke kira self-concept. Abin da ake nufi shi ne matsayin da ɗalibi ya ajiye kansa a zuciyarsa, ko yana ganin shi mai iya lissafi ne, ko yana ganin ba rabonsa ba ne. Na fara rubuta "sanin kai", amma hankalina bai kwanta ba. Ina kuma son kalmar da yaran Berom da Afizere da ke ajina, waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, za su gane ba tare da dogon bayani ba.

Malamin Hausa mai ritaya, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Malama. Shakkarki tana kan hanya, domin sani a Hausa da gaskiya yake tafiya, alhali abin da kike aunawa yana iya zama kuskure: yarinya za ta ci saba'in a lissafi, ta koma gida da yaƙinin cewa kanta ba ya ja. Ki kuma lura cewa da yawa daga kalmomin da muka gina a kan "kai" na zargi ne, kamar girman kai da son kai da ji da kai, don haka dole a yi hattara kada iyaye su ɗauka mugun hali ake aunawa. Ni dai "yarda da kai" nake ba da shawara.

Ɗalibin digiri na biyu, Jami'ar Jos:
Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa in saka baki. Ina ganin gara mu bar "yarda da kai" ga abin da masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana a 1977, wato imanin mutum cewa zai iya aiwatar da wani takamaiman aiki, mu kuma bar "mutunta kai" ga abin da ma'aunin masani Morris Rosenberg na 1965 mai tambayoyi 10 yake aunawa. Abin da Malama take nema ya sha bamban da su. Wani manazarcin ilimi, Shavelson, da abokan aikinsa sun bayyana a 1976 cewa rassa gare shi, akwai na karatu, akwai na mu'amala da na jiki, shi ma na karatun ya rabu darasi-darasi. Daga baya wani manazarcin, Herbert Marsh, ya nuna cewa ɗalibai biyu masu ƙoƙari iri ɗaya sukan bambanta: wanda ke cikin ajin haziƙai yakan ga kansa ƙasa da wanda ke cikin matsakaita. Shi ya sa nake kawo "kallon kai". Hausa ta riga ta ce ana yi wa wane kallon malami, ko kallon rago, kuma kowa ya san kallon yana iya dacewa, yana iya saɓawa. Kalmar tana karɓar rabuwa cikin sauƙi: kallon kai a karatu, kallon kai a lissafi, kallon kai a Turanci.

Malamin Hausa mai ritaya, Bukuru:
Ɗana, na janye tawa, kuma da farin ciki. Binciken Marsh ya tuna mini da karin maganar da ke cewa mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho, domin da na kusa da shi mutum yake auna kansa. Sharaɗina ɗaya ne: a karon farko a rubuta shi cikakke, "kallon da ɗalibi yake yi wa kansa", kafin a taƙaita, kada wani ya zaci madubi ake nufi.

Malamar sakandare, Anguwan Rogo:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na ɗauki "kallon kai" da sharaɗinka, kuma zan raba tambayoyin lissafi da na Turanci maimakon in haɗa su wuri ɗaya kamar yadda na yi da farko. Ranar Litinin zan gwada su a kan aji guda, in tambayi yaran abin da suka fahimta kafin in buga sauran.