Bindiga mai baki biyu: sai an yi saiti ko nunawa kawai ake yi?

Ɗan Kaura:
Salamu alaikum jama'a. Akwai bindigar farauta ta babanmu mai baki biyu, da takardarta, yanzu shi ƙarfi ya ƙare ni ka kwana ƙofar gida kuma kun dai san halin da muke ciki wajen Kauran Namoda. Mutane na ce min wai ita ba ta son saiti tunda harsashinta watsewa yake, ka nuna wajen kawai ka ja kunama. Gaskiya ne? Don ni ban ga komi bisanta ba sai wani ɗan ƙwallo a baki.

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya gaya maka haka bai taɓa harbin ko zabo ba. Watsewar sai da nisa take zuwa, a tsakar gida taku bakwai ko takwas ƙwayoyin duk a dunƙule suke tafiya, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, ka ga kuskure abu ne mai sauƙi. Wannan ɗan ƙwallon shi ne saitin. Ka dafe gindinta sosai cikin kafaɗa, kumatunka manne da katakon, ido ya bi bayan ƙarfen har ƙwallon ya zauna kan abin da kake nufi. In ka ɗaga kai kana leƙe harbin sama zai tafi. Kuma ka fita daji inda ke da tudu a baya, ka kafa kwali ka gwada kowane baki daban, sau da yawa ɗayan ya fi ɗayan matsewa, harsashi ma kowane iri da yadda yake zuba.

Malama daga Gusau:
Ni abin da ke tada min hankali dare ne wallahi. Yaro ya fita fitsari, ko maƙwabci ya ɗiro katanga yana gudun tsira, kai kuma a firgice. Don Allah yayana kada ka ɗora yatsa kan kunama sai ka haska tocila ka ga fuska ka tabbatar. Zana da kwano da ƙofar langa-langa ba sa tare harsashi, ka san ɗakin da iyali suke kwance kafin ka juya bakinta ko'ina. Da rana a cire harsashi a kulle shi daban inda yara ba su kaiwa.

Na Mafara:
Maganar takarda fa, lasin na baba ne ba naka ba, a doka ba a ara kuma ba a gado, ka je hedikwatar 'yan sanda Gusau ka ji matsayinka. Ka tuna 2022 da gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi lasin bindiga, 'yan sanda sunka ce su ba a ɗage dakatarwar bayar da lasin ba. Sannan kada ta ruɗe ka, bayan mita 40 ko 50 ta gama aiki, su ko 'yan bindigar daji AK47 ke hannunsu mai cin ɗaruruwan mita kuma ba su zuwa su kaɗai. Ɓarawon akuya daban, masu babura talatin daban. In irin wannan ne fitar da iyali da kiran askarawan jiha da jami'an tsaro shi ne farko.

Ɗan Kaura:
Na gode ƙwarai. Baba Maharbi, da ido ɗaya ake saitin ko duka biyu? Don ni bahago ne.

Tsohon Maharbi:
Biyun a buɗe ya fi, ka riƙa ganin gefenka. Nuna wani abu da yatsa ka rufe ido ɗaya-ɗaya, idon da in shi kaɗai ke buɗe yatsan bai goce ba shi ka jagora, kafaɗar wannan ɓangaren za ka ɗora ta.