Lissafin gauraya ya tsaya mini: 7.2 ko 8?

Assalamu alaikum malaman lissafi. Ina shirin jarrabawar WAEC, ga wata tambaya ta hana ni sakat.

Jarka tana ɗauke da lita 40 na haɗin sifirit da ruwa, sifirit kashi 50 cikin ɗari. Aka ɗebi lita x aka mayar da ruwa zalla, aka gauraya. Aka sake ɗiban lita x aka sake cikawa da ruwa. Sifirit ya koma kashi 32. Nawa ne x?

Ga yadda na bi. Da farko sifirit lita 20 ne, a ƙarshe 0.32 × 40, wato 12.8. Kowane ɗiba yana tafiya da 0.5x, sai na rubuta 20 − 0.5x − 0.5x = 12.8, x ya fito 7.2. Amsar da aka bayar kuwa 8 ce.

Zargina yana kan ɗiba na biyu, tunda haɗin ya riga ya tsinke, ba kashi 50 ba ne kuma. To me zan sa a madadin 0.5? Wani ya ce mini sai x² ya shigo, amma bai nuna ta ina ba. Don Allah a warware mini layi-layi, ba amsar kawai nake nema ba. Allah ya ƙara basira.