Wane littafi zan karanta wa 'yan aji biyar?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a bayan garin Katsina. Makon jiya na ce wa yarana ranar Alhamis kowa ya zo da littafin da ya fi so, mu zauna a gindin darbejiyar bayan aji, kowa ya gaya mana abin da ke ciki. Na ce ni ma zan kawo nawa.

Yawancinsu hannu Rabbana suka zo. Wasu sun ɗauko littafin Turancin da kullum muke fama da shi, wata ta zo da Ahalarinta na Islamiyya a cikin leda. Wani yaro kuwa ɗan littafin da ake sakowa a kwalin sabuwar waya ya kawo, wai shi yana son hotunan. Yarinya ɗaya ce ta zo da littafin labari, Magana Jari Ce na kakanta, ba bango, takardun sun yi ja, an ɗinke gindinsa da zaren buhu. Nawa Ruwan Bagaja ne, amma ko buɗe shi ban yi ba. Na karɓi nata na karanta musu Kalala da Kalalatu. Da aka zo inda Kalalatu take ta ɗanɗana kajin baƙo har ta cinye, dariya har da masu kwanciya a ƙasa. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ba wanda ya motsa.

Yanzu sun ɗaura min aure da Alhamis. Yaran sun haura sittin, littafi ɗaya, kuma da yawansu har yanzu da ƙyar suke haɗa baƙi. Waɗanne littattafai ne suka dace da 'yan shekara 10 zuwa 11, kuma yaya zan yi da kwafi ɗaya?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya yi miki albarka. Kwafi ɗaya ya isa, mu da shi muka tashi. Dama don 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, na farko ya fito a 1937, kuma littattafai uku ne. Ki nemo na ɗaya ki fara daga tushe, don a nan dabarar take. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla yadda yaron zai fita a hallaka shi. Kullum dare Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tare shi da labari har gari ya waye. To, ke ce akun. Kada ki riƙa kai su ƙarshe. In labari ya ɗau zafi, rufe littafin ki ce sai wani mako, za su yi ta roƙo, kada ki tausaya. A cikin satin nan za ki ga waɗanda ba sa son karatu suna lallaɓowa teburinki lokacin tara suna neman su leƙa da kansu. A nan ake kama su.

Kalmomin da za su yi musu nauyi, irin su barde, zagi, sulke, fatake, kada ki tsaya fassara kowace, labarin zai mutu. Rubuta biyu ko uku a allo, su je gida su tambayi tsofaffi.

Maman Khalifa:

Baba Hedimasta, a gafarce ni, ina da ja kaɗan. Ni ma da waɗannan littattafan na girma, amma ba duk abin da ke ciki ne zan karanta wa ɗan shekara 10 ido rufe ba. Malama, ki riƙa karanta labarin ke kaɗai a gida kafin ki kai aji. Ruwan Bagaja ɗin da kika riƙe, rabinsa ramuwar mugunta ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, wannan ya sa a daki wancan, wancan ya sa a ɗaure wannan. Da na karanta wa nawa yaran, sati guda ina raba faɗa, kowa ya ce shi ne Alhaji Imam, ƙaninsa ne Zurƙe. Sannan ki lura, mata a yawancin labaran nan ko makirai ne ko kuma ana neman aurensu. Rabin ajinki 'yan mata ne, su ma suna son jin wadda ta yi abin kirki da wayonta.

Ni da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya zan fara. Gajeru ne, Hausar mai sauƙi, kuma yara sun riga sun san Gizo da Ƙoƙi, don haka mai rarrafe a karatu ma yana iya cankar kalmar da ke gaba. Ga maza masu son jarumta kuma akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Babbana ya fi son farkonsa, lokacin da Iliya yake zaune ba ya iya tafiya kafin ƙarfi ya zo masa.

Mai Shagon Littattafai:

Ranki ya daɗe, ni yaron nan mai littafin waya ne ya tsaya min a rai. Gaskiya ya faɗa, hoto yake so, kuma abin da kasuwarmu ta rasa ke nan. Iyaye suna zuwa shagona neman littafin yara mai launi da Hausa, sai in yi ta lalube. Na Turanci kuwa ga su nan jibge, da dusar ƙanƙara da tufafin sanyi. Tsofaffin littattafan da aka ambata dai ana samu, yawancinsu bugun kamfanin NNPC na Zariya (ba na man fetur ba). Sai dai ki duba shafi-shafi kafin ki biya, akwai na jabu da tawadarsu ta dusashe, wani ma shafukan a tsallake.

Tunda yaran ba su da littafi, su yi nasu mana. Fallen fulsikaf huɗu, a ninka biyu, a ɗinke tsakiya da allura, kwalin sabulu ya zama bango. Kowa ya karɓo tatsuniya ɗaya wajen kakarsa, wanda ya iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya ba ya zana. A rubuta sunan kakar a bango tare da na yaron. In zango ya ƙare kina da kwali guda na littattafai, ba ki kashe ko kuɗin buhun gawayi ba.

Tsohon Hedimasta:

Maman Khalifa, maganar a fara karantawa a gida na yarda da ita. Amma ki bar mana Malam Zurƙe. Yaran da ba su taɓa jin sunansa ba ma suna dambe.

Malamar Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, zan gwada rufe littafin, in dai ba su cinye ni ba. Wannan Alhamis ɗin da tatsuniya zan fara, na kuma ce kowa ya fara tara kwali. Mai Shago, nawa Magana Jari Ce na ɗaya yake yanzu a wajenku, kuma kuna aikowa ta motar Katsina?