Gmail kaɗai ya ishi matafiyi?

Ƙanwa: Assalamu alaikum. Tafiya ce a gabana, zan ratsa ƙasashe da dama, kuma tikitin jirgi da takardar otal da amsar biza duk ta imel suke zuwa. An ce min Gmail kaɗai ya ishi kowane matafiyi, kada in wahalar da kaina da wani. Gaskiya ne?

Yaya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne mana, ƙanwata. Giga 15 na wurin ajiyar saƙonni kyauta, ga shi in wayarki Android ce tuni kina da shi. Manhajar tana ajiye saƙonnin kwanan nan a waya, ko babu intanet za ki karanta. Me kuma ake nema?

Malam: Ana neman a san inda za ta. In ƙasar Sin na cikin jerin, maganarka ta faɗi tun a filin jirgi. Gmail a toshe yake a can tun ƙarshen 2014, tare da sauran kayan Google. Outlook na Microsoft kuwa yawanci yana buɗewa, shi ma giga 15 ne.

Yaya: Ai sai ta saka VPN, manhajar da ke kauce wa toshewar, Malam.

Malam: In ta saka kafin ta shiga, to. In sai ta isa ta tuna, a ina za ta sauko da shi, alhali Play Store ɗin ma a toshe yake? Kuma ba kowane VPN ke aiki a can ba.

Hajiya: Ku yi haƙuri, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin da ya fi kayar da matafiya ba toshewar gwamnati ba ne, kullewar da akwatin imel yake yi wa mai shi ne. Kamfanin imel ya saba ganinki daga ƙasa ɗaya, a waya ɗaya. Ranar da ya gan ki daga wata ƙasa, a kwamfutar otal, sai ya ce bai yarda ke ce ba, ya tura lambar tantancewa zuwa layinki. Layin kuwa ba ya aiki a inda kike, ko kin cire shi kin saka na ƙasar da kika sauka, ko ma wayar ce ta ɓata, wanda shi ne ya kai ki ga kwamfutar otal ɗin tun farko. Kalmar sirrinki daidai take, amma ƙofa a rufe. Wannan tsari ba na kamfani ɗaya ba ne, manyan duka suna yin sa.

Ƙanwa: Innalillahi. To Hajiya, in kashe tantancewar ke nan?

Hajiya: A'a, kul! Ko kin kashe, za su iya tsayar da ke in sun ga baƙon wuri. Tun kina gida ki shiga saitin tsaro. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Ki rubuta su a takarda, ki ajiye nesa da wayar. Sannan ki mayar da tantancewar kan manhaja irin Authenticator, wadda ke fitar da lamba ko babu layi ko intanet.

Ɗan Auta: Ni dai mamaki nake yi ba wanda ya ambaci sirri. Kwafin fasfonki ne fa zai kwana a akwatin nan. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma sai 2017 aka san yawan ya kai haka. Ki buɗe Proton Mail, Anti. A Siwizalan yake, masana da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN ne suka kafa shi a 2014, kuma kamfanin kansa ba ya iya karanta abin da ke ajiye a akwatinki.

Malam: Auta, kana son Proton ɗin nan kamar kana da hannun jari. Faɗi sauran mana. Na kyautar bai wuce giga 1 ba. Cikakken ɓoye saƙo daga mai aikawa zuwa mai karɓa tsakanin masu Proton ne, ko in an sa wa saƙon kalmar sirri. Kamfanin jirgi ba zai yi maka haka ba, saƙo zai turo kamar yadda yake tura wa kowa. Rasha ta toshe shi a 2020. In kuma ta manta kalmar sirri a hanya ba ta ajiye jimlar farfaɗowa ba, wato jerin kalmomin da Proton ke bayarwa don irin wannan rana, za ta iya dawo da akwatin amma tsoffin saƙonni ba za su karantu ba.

Ɗan Auta: Wannan na ƙarshen ai shi ne shaidar cewa da gaske suke.

Malam: Shaida ce mai kyau, amma ba ga wadda ke tsaye gaban jami'in shige da fice tana neman takardar otal ba.

Yaya: To kun ga, kowanne da aibinsa. Buɗe akwati biyu kalmar sirri biyu ce da za ta manta. Kuma akwatin da aka watsar ba ya dawwama, Google ma yana iya goge wanda ya shekara 2 ba a taɓa ba.

Hajiya: Tafiyar tata ba ta shekara 2 ba ce, Yaya. Ta riƙe Gmail ɗinta, ta buɗe na biyu a wani kamfani, ta sa saƙonni su riƙa wucewa can da kansu. Sharaɗi ɗaya: kada na biyun ya dogara da layin da na farkon ya dogara da shi, in ba haka ba rana ɗaya za su kulle. Tikitin kuma ta sauke shi cikin waya, don sau da yawa saƙon yana buɗewa babu intanet amma abin da aka maƙala masa ya ƙi.

Yaya: Lambobin takarda na yarda da su. Akwati na biyu har yanzu ban ga dalili ba, in dai ba Sin za ta ba.

Ƙanwa: Yaya, ai ta Guangzhou, a ƙasar Sin, zan fara. Malam, Outlook ɗin zai nemi lambar waya wajen buɗewa, ko imel ɗina na yanzu ya isa?